Haƙƙin tsohon soja ba sadaka ba ne

Tun shekarar 1944 gwamnatin Amurka ke tsaya wa tsofaffin sojojinta don su samu bashin sayen gida. Sai dai akan caje su wani kuɗi na musamman lokacin karɓar bashin, kuɗin da doka ta yafe wa duk mai karɓar diyyar nakasar da ya samu a bakin aiki.

To amma a 2019 binciken babban sufeton ma'aikatar tsofaffin sojoji ya gano cewa tsakanin 2012 da 2017 an karɓi kimanin dala miliyan 286 daga hannun mutum 72,900 da aka yafe wa. Ma'aikatar ta san da matsalar tun 2014, sai da asiri ya tonu ta mayar da sama da dala miliyan 400.

A ganinmu wannan abin kunya ne. Hukumar da ke riƙe da takardun nakasar mutum ita ya kamata ta neme shi, ba shi ya yi ta zarya ba. Duk wanda ranar fara diyyarsa ta riga ranar kammala bashin, ya nemi kuɗinsa. Guminsa ne.