Dashen gashi ba tare da aski ba: wa ya kamata ya biya kuɗin wannan sirri?



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a Agege, wani abokina ɗan kasuwa ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa a ɓoye, kamar mai nuna takardar sammaci. Talla ce ta wani asibiti a Istanbul da ya gani a Instagram: ana dasa maka gashi ba a aske maka kai ba, ka dawo gida ba wanda ya san inda ka je. Shekararsa 34, sanƙo ya cinye masa gefen goshi biyu, ga biki yana tafe. Bai tambaye ni kuɗin aikin ba, bai tambayi haɗarinsa ba. Cewa ya yi: "Malam, kana ganin yaran shago ba za su gane ba?"

Ban yi masa dariya ba. Mu ne muke tsokanar mai sanƙo da cewa alamar arziki ce, shi ma ya taya mu dariya, amma Allah kaɗai ya san abin da yake ji idan ya cire hula gaban madubi. Neman gyara ba laifi ba ne. Abin da na gaya masa, kuma nake son maimaitawa a nan, shi ne yawancin mazanmu ba su da buƙatar wannan hanya ta rashin aski, za su biya kuɗi mai yawa ne su sayi sirrin da ba zai ɓoyu ba. Akwai waɗanda ta dace da su, zan zo kansu.

Sai mun fara da yadda abin yake. Sanƙon gado yana zuwa ne daga wani sinadari a jikin namiji da ake kira DHT, wanda yake ƙanƙantar da tushen gashin goshi da na tsakar kai har ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na gefen kunne galibi ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga dattijo kansa fes a sama amma ƙeyarsa cike. Wani likitan fata a birnin New York, Norman Orentreich, shi ya bayyana a 1959 cewa idan aka ciro tushen gashin ƙeya aka dasa a goshi, yana tafiya da halinsa na asali, ba ya zubewa. A kan wannan aka gina sana'ar baki ɗaya. Ke nan ba a ƙirƙirar sabon gashi. Daga rumbunka ake ɗiba a kai wani wuri, kuma inda aka cire tushe ba ya sake tsirowa har abada. A riƙe wannan, don duk sauran maganar a kansa take.

To me ya sa ake aski tun farko? Ba don mugunta ba. A hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu, wadda ake kira FUE, likita yana amfani da wani ɗan ƙarfe mai rami, faɗinsa kimanin milimita ɗaya ko ƙasa da haka, yana zagaye tushen gashi ɗaya bayan ɗaya yana cirowa. Kowane tushe yana ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu, kuma a zama guda ana iya cire dubu biyu, dubu uku. Idan gashin gajere ne, likita yana ganin inda kowane sili ya dosa, ya bi shi. Idan dogo ne, sai ya yi ta ture gashi gefe yana lalube.

Abin da ake tallatawa da sunan "ba aski" kuwa ba abu ɗaya ba ne. Wani lokaci ana aske 'yar taga ce a ƙeya, a bar gashin da ke samanta ya sauko ya rufe ta. Wani lokaci ba a aske ko'ina, sai dai a riƙa datse silin da za a cire shi kaɗai da almakashi, ko a ciro shi da tsawonsa. Wannan aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, saboda haka tushen da ake samu a zama guda ya fi kaɗan, kuɗin kuma ya fi yawa. Sai tsohuwar hanya, FUT, inda ake yanko siririn tsirin fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, a rarraba tsirin ƙarƙashin madubin likita. Ita ba ta buƙatar aske kai, amma tana barin tabo miƙaƙƙe a ƙeya. Za kuma ku ga ana rubuta DHI da manyan baƙaƙe kamar wata sabuwar fasaha daga sama. Cirewar dai irin ta FUE ce, bambancin a wajen dasawa yake, da wani abu mai kamar biro da ake kira Choi, wanda aka ƙirƙiro a Koriya ta Kudu.

Yanzu a dubi kan Bahaushe. Dukkan waɗannan dabaru sun dogara ne ga abu guda: a sami dogon gashi da zai kwanta ya rufe wurin aiki. Baturen da gashinsa ke zubowa har wuya, ko Balaraben da ke taje nasa baya, su aka yi wa wannan talla. Mu fa? Daga mai saisaye duk mako sai mai tal-kwabo. Gashinmu ba ya kwanciya, a tsaye yake. Idan abokina zai tara gashin da zai rufe taga a ƙeyarsa, sai ya yi watanni bai je wurin mai aski ba, kuma wannan sumar ce za ta fara tona masa asiri a kasuwa kafin ya hau jirgi. Alhali da ya fito da kai a aske, wa zai tambaye shi dalili? A cikinmu aski ba labari ba ne. Abin da wasu ke biyan ƙarin kuɗi don su guje masa, mu al'adarmu ta ba mu shi kyauta.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa game da irin gashinmu. Murɗewar da kake gani a waje ta ci gaba har cikin fata, tushen a lanƙwashe yake. Ƙarfen cirewa kuwa miƙaƙƙe ne, don haka yana da sauƙi ya yanke tushen biyu, a yi asararsa. Ko da an yi aski ma, aikin gashin baƙar fata yana buƙatar hannun da ya saba da shi. Idan aka haɗa lanƙwasasshen tushe da likitan da ba ya gani sosai saboda an hana shi aski, rumbunka ne ke biya. A gefe guda muna da sa'a: murɗaɗɗen gashi yana rufe fata fiye da miƙaƙƙe, don haka tushe kaɗan yana yi mana aikin da wasu sai sun dasa da yawa. Ƙarin dalili ke nan na kada a ɓarnatar da shi.

Batun tabo ya fi damuna a kan komai. Fatarmu ta fi saurin yin irin tabon nan da ke tsirowa ya kumbura, wanda likitoci ke kira kiloyid. Duk wanda ya taɓa samun irinsa bayan kaciya, ko hujin kunne, ko rauni, ko mai fama da ƙurajen ƙeya masu tauri da ke biyo bayan aski, bai kamata a taɓa kansa da ƙarfe ba sai likitan fata ya duba shi. Tabon FUT yana ɓoyuwa muddin akwai gashi, amma ka tuna ranar da za ka je Hajji ko Umara ka zauna a aske maka kai gaban mutanen garinku. FUE ma tana barin ɗigo-ɗigo masu haske, idan aka wuce gona da iri wajen cirewa sai ƙeya ta koma kamar gara ta ci tabarma. Garin neman gira ke nan.

Mu ɗauka an yi aikin lafiya ba aski. Shin sirrin ya ɓoyu? Wurin da aka dasa, wato goshi, shi ne dai wurin da babu gashin da zai rufe shi. Zai yi ɓawon miki na kimanin kwana 7 zuwa 10. Goshi kan kumbura, wani lokaci kumburin ya sauko har ido. Hula mai kama kai an hana a kwanakin farko, don tana iya tumɓuke dashen, kuma Bahaushen da aka saba gani da hula ya fito ba ita, ai ya riga ya yi sanarwa. Sunkuyar da kai ma ana takaitawa, saboda haka batun sujada da shafar kai a alwala abu ne da za a tambayi likita, a tambayi malami, tun kafin ranar aiki. Bayan makonni kaɗan gashin da aka dasa zai zube, wannan ba lalacewa ba ce, haka yake yi. Sabo zai fara leƙowa bayan wata 3 zuwa 4, cikakken sakamako sai an yi kusan shekara. Na ce wa abokina ya lissafa ranar bikinsa da wannan, sai ya yi shiru.

Wayne Rooney, lokacin yana Manchester United, da aka yi masa dashen gashi a 2011, da kansa ya fito ya faɗa a Twitter. Aka yi tsokanar kwana biyu aka wuce wurin. Ba ina cewa kowa ya yi shela ba. Hutun mako biyu a gida, ko a ce an je ganin gida Arewa, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ƙarin kuɗin rashin aski.

Ga 'yan uwanmu mata lissafin ya bambanta, kuma a nan ne nake ganin wannan hanya tana da hujja. Aske kan mace ba ƙaramin abu ba ne, gashin da aka yi shekaru ana reno ba ya dawowa a wata shida. Suna da tsawon da zai rufe taga ko tabon FUT, ga ɗankwali da hijabi, kuma wurin da ake son cikewa sau da yawa ƙarami ne, gaban goshi da gefe. Amma Hajiya, kafin a kai ga wuƙa, a san abin da ya cinye gashin. Da yawa daga cikin zubewar gaban goshi ja ne ya kawo ta: kitso mai tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, ɗaurin da ba a sassautawa. Idan aka kama abin da wuri, barin jan kaɗai yana iya dawo da gashi. Idan aka dasa aka koma ga kitson da, dashen ma zai bi sahu. Akwai zubewar bayan haihuwa da ke warwarewa da kanta, akwai ta ƙarancin jini. Akwai kuma wata cuta da ke farawa daga tsakar kai tana faɗaɗa, ta fi yawa ga mata baƙaƙen fata, tana kashe tushe ta bar tabo. Dasa gashi a kanta tana cikin ci, zuba ruwa ne a kwando.

Namiji ma akwai ranar da zan ce masa ya duba wannan hanya: idan dama mai tara suma ne, kuma ɗan wuri kaɗan zai cike, kamar tabon ƙuna ko na rauni.

Wani abu da matasa ke mantawa, sanƙo ba ya tsayawa don an yi dashe. Gashin asali da ke bayan wanda aka dasa zai ci gaba da tafiya. Saurayi ɗan shekara 25 da ya sa aka zana masa layin goshi irin na yaro, bayan shekara goma yana iya tarar da tsibirin gashi a gaba da fili a bayansa, rumbu kuma ya ƙare. Shi ya sa likitan kirki kan fara da magani, minoxidil na shafawa ko finasteride na sha. Suna ɗaukar watanni kafin a ga tasiri, idan aka daina kuma zubewa ta dawo. Finasteride yana rage wa wasu maza kaɗan sha'awa, kuma mai juna biyu ba ta taɓa fasasshen ƙwayarsa. Ba maganin da za a saya a kemis bisa shawarar aboki ba ne.

Ko a Turkiyya za a yi, ko a Legas ko Abuja, a nemi sunan likitan da zai riƙe ƙarfen da hannunsa. A wurare da dama likita gaisuwa kawai yake yi, ma'aikata su yi sauran. Idan a gida ne, a tabbatar yana da rajista da hukumar MDCN. A nemi hotunan mutane masu irin gashinmu, shekara guda bayan aiki, kuma a nemi ganin ƙeyarsu, don kowa goshi yake nunawa. A tambayi tushe nawa za a cire, nawa zai rage don gaba, da kuma wanda zai duba ka idan wurin ya yi ruwa bayan ka dawo. Wanda ya yanka maka farashi daga hoto uku a WhatsApp, ya haɗa da otal da motar filin jirgi, bai ga fatar kanka ba tukuna.

Abokina dai ya fasa sayen tikiti a yanzu. Na ba shi shawara ya fara ganin likitan fata a asibitin koyarwa na LUTH, ga shi nan a Idi-Araba kusa da 'yan uwanmu, waɗanda ke Sabo a Ibadan kuma UCH na nan. Da ya cire hula na duba ƙeyarsa, sai ga ƙurajen nan masu tauri guda uku a ƙasan layin aski, waɗanda ya ce sun fi shekara biyu yana shafa musu man zafi.