Auna Ci Gaban Yara: Cika Rajista Ba Shi Ne Aikin Ba

Kowa ya san yadda aka saba a da: yaro zai shekara yana zuwa makaranta, sa'an nan a yanke masa hukunci da jarrabawar yini ɗaya. In zazzaɓi ya kama shi a ranar, shi ke nan, wahalar shekara ta tafi a banza. Domin gyara wannan ne Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Nijeriya ta fitar a 1977, ta kawo tsarin auna yaro a kai a kai. Watau malami ya riƙa lura da abu uku tun daga farkon zango har ƙarshensa: fahimtar yaro, da halinsa, da aikin hannunsa.

Lalle niyyar tana da kyau. Amma mu da aikinmu ne horar da malamai da zagaya makarantu, tilas mu faɗi abin da muke gani. A wurare da yawa tsarin ya koma cika rajista kurum. Sai ƙarshen zango ya gabato a yi gwaji biyu a gurguje, a zuba maki, a rubuta wa kowane yaro "ya yi ƙoƙari". Uba ya karɓi takarda ya yi murna, alhali ɗansa bai san baƙi da wasali ba.

Shaida kuwa tana nan. A 2011 an gwada karatun Hausa na 'yan aji uku a jihohin Bauchi da Sakkwato, aka zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya, aka ba kowa ɗan gajeren labari ya karanta. Akasarinsu ba su iya karanta ko kalma guda ba. To, waɗannan yara duk sun haye aji ɗaya da aji biyu. Da wane awo aka ciyar da su gaba?

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka buɗe ilmin firamare kyauta a 1976, aka kuma sabunta shi a 1999, yara suka yi ta ƙaruwa fiye da malamai da azuzuwa. Malamin da aka tara wa yara cunkus, da ƙyar zai riƙe sunayensu, balle ya san inda kowa ke tuntuɓe. Sa'an nan kuma kwalejojin horar da malamai sun fi ba da ƙarfi ga koyar da lissafin maki, ba ga yadda za a saurari yaro ba.

Shawararmu ita ce, kowane malamin ƙananan azuzuwa ya ware yara biyar kullum, ya ji karatunsu da kunnensa, ya rubuta abin da kowa ya iya da abin da ya gagare shi. A mako biyu ya gama da yara hamsin. Wanda ya ga ba ya jin magana sosai, ko yana matso da littafi kusa da ido, ya sanar da iyayensa su kai shi asibiti. Masu duba makarantu kuma, kada su tsaya ga rajista. Su kira yaro da kansu su ba shi littafi.

Iyaye, ku ma da naku. Ko ba ku yi boko ba, ku sa yaro ya karanta muku da dare. Kunne yana rarrabe mai karatu da mai lalube. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu gyara tun da sauran lokaci, amin.