Hapis na Ido da Maganin Ɗigawa: Lokacin da Garkuwar Jiki Ke Jawo Hakiya

Mun saba ɗaukar garkuwar jiki a matsayin rundunar da ke kare mu, kuma haka take. Sai dai akwai cutar da ɓarnar wannan runduna a cikinta ta kan zarce ta maharin kansa, ita ce hapis na ido. Fahimtar yadda abin yake faruwa ita ce hujjata ta cewa bai kamata a ci gaba da sayar da maganin ɗigawa mai sitiroyid ga duk wanda ya je kemis da jan ido ba.

Bairos ɗin da ke kawo cutar shi ne hapis simfiles nau'i na ɗaya, mai fitar da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da shi. Da zarar ya shiga jiki, sai ya bi jijiyar fuska ya laɓe a wani ƙulli nata da ke gindin ƙwaƙwalwa, ya zauna nan har ƙarshen rayuwa. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD8 su ke tsare da shi. Idan zazzaɓi ko rashin abinci mai gina jiki ko zafin rana suka raunana tsaron, sai ya farka ya gangaro zuwa leɓe ko ido. Shi ya sa likitocin yara a ƙasashenmu suka daɗe da sanin gyambon ido na hapis a bayan ƙyanda.

Inda yake sauka a ido shi ne koniya, wato gilashin nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, domin da tana da su, haske ba zai ratsa ta ba. A matakin farko bairos yana cin fatarta ta sama, ya bar gyambo mai rassa kamar reshen itace. A nan garkuwa taimako take yi, kuma maganin kashe bairos irin su asaikulobiya yana gaggauta warkewa.

Mataki na biyu ne abin tsoro. Idan cutar ta yi ta dawowa, sai kumburi ya shiga tsakiyar koniya. Ƙwayoyin CD4 su taru, su kira nutirofil, su kuma su saki sinadarai masu narka nama. Sababbin jijiyoyin jini su kutsa wurin da bai san jini ba. Sau da yawa a wannan lokaci bairos mai rai ya yi ƙaranci ƙwarai, amma faɗan bai tsaya ba. Tabon da yake bari shi ne hakiya.

Sitiroyid aikinsa danne garkuwa ne. A mataki na biyu yana ceton gani: wani babban bincike da aka gudanar a Amurka a shekarun 1990 ya tabbatar da amfaninsa, muddin an haɗa shi da maganin kashe bairos. A matakin farko kuwa, idan aka ɗiga shi shi kaɗai, an ɗaure mai gadi ne aka saki ɓarawo. Gyambon yakan faɗaɗa, ga haɗarin hawan matsin ido idan aka daɗe ana ɗigawa. Mafi muni, yana rage ja da zafi, mai ciwo ya zaci sauƙi ne. Garin neman gira, sai a rasa ido.

Za a ce likitocin ido sun yi ƙaranci, kuma ba kowa ne zai iya zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba, don haka mai kemis shi ne gatan talaka. Wannan magana tana da nauyi, amma ba ta rushe hujjar ba. Mai kemis ba zai iya bambance afolo da gyambon hapis da kallo kawai ba. Gano gyambon kuwa bai buƙatar babbar na'ura: ɗan tsinken takarda mai rinin fuloresin da shuɗin haske sun isa su bayyana rassansa. Ma'aikacin asibitin karkara zai iya koyon wannan, ya san wanda zai tura gaba.

Saboda haka ina ganin wajibi ne hukumomin kula da magunguna su tsananta sharaɗin takardar likita a kan waɗannan magunguna, makarantun koyon aikin lafiya kuma su ba binciken koniya muhimmanci. Mu ma masu rubutu da Hausa muna da namu nauyin: mu sanar da jama'a cewa jan ido a ido ɗaya, tare da zafi da ƙin haske da dusashewar gani, musamman idan ya taɓa faruwa, lamari ne na asibiti tun ranar farko.