Amfanin Wayarka Kafin A Saka Robar Zuƙe Mugunya

Yau idan likita ya ce za a yi wa wani naka aiki, kafin ka bar harabar asibiti ka riga ka buɗe ChatGPT ko TikTok. Neman sani ba laifi ba ne. Sai dai a ganina akwai tambayoyin da bai kamata waya ta amsa ba, kuma aikin zuƙe mugunya da taimakon hoto ya isa misali.

Idan mugunya ko ruwa ya taru a cikin jiki, kamar ƙurjin hanta, sau da yawa ba sai an tsaga ciki ba. Likita yana kallon wurin a allo ta na'urar sikanin ko CT. Zai kashe wurin da allura, ya soka siririyar allura har cikin ƙurjin, ya zura zaren ƙarfe mai laushi, sannan ya bi kansa da siririyar roba. Wannan dabarar wani likitan Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da ita a 1953. Robar takan zauna kwanaki tana tsiyayar da mugunyar cikin wata jaka.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake tsoro shi ne zubar jini. Shi ya sa ake gwada daskarewar jini kafin aikin, ake kuma tambayar magungunan da mara lafiya yake sha: asfirin, wafarin, har da na ciwon jiki irin su diklofenak da muke saya a kemis. A nan ne wasu ke tambayar manhaja ko a dakatar da maganin. Ni da nake rubuta manhaja na san tana amsawa ne gwargwadon abin da ka faɗa mata. Ba ta ga sakamakon gwajin ba, ba ta san dalilin da aka ɗora Baba a kan wafarin ba. Dakatar da shi ba izini na iya jawo gudan jini ko shanyewar ɓarin jiki. Haka ma insulin da metfomin ga mai ciwon suga.

To ina amfanin wayar? Ɗauki hoton kwalin kowane magani, har da na gargajiya, ka nuna wa likita. Ka adana hotunan sakamakon gwaje-gwaje wuri guda. Ka rubuta idan wani magani ko ruwan hoto ya taɓa tayar wa mara lafiyar da borin jini, ko idan mace ce mai yiwuwa tana da ciki, domin CT yana amfani da haske irin na eksire. Idan za a ba da maganin sa barci, akan hana abinci na kusan awa 6, don haka ka tambayi ainihin lokacin, ka saita ƙararrawa. Ka kuma shirya wanda zai dawo da shi gida.

Bayan aikin, kullum ka rubuta mililita nawa suka taru a jakar da launinsu. Wannan lissafin yana cikin abin da likita zai duba kafin ya cire robar. Idan ka ga zazzaɓi, ko jini a jakar, ko robar ta zame, ko ta daina tsiyaya kwatsam, kada ka tsaya tambaya a guruf ɗin WhatsApp. Kira lambar asibitin, wadda ya kamata ka karɓa tun kafin a sallame ku.