Daga ambulan ɗin Alhaji zuwa tiransifar matasa: Yadda bayar da taimako ke sauyawa a Arewa

A watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, taimako iri biyu ne ya isa birnin. Marigayi Alhaji Aminu Dantata, yana da shekara sama da 90, ya je da kansa ya jajanta wa gwamnatin Borno, ya ba da naira biliyan 1.5. A daidai lokacin kuma matasa na ta yaɗa lambobin asusu a Facebook da X da WhatsApp, wannan ya tura dubu biyu, wancan dubu biyar, kafin dare an sayi shinkafa an ɗora tukunya.

Duka biyun alheri ne. Sai dai hanyar da kowanne ya bi ta nuna wani sauyi da masu tara gudummawa a Arewa ba su gama fahimta ba.

Dattijo yakan bayar ne saboda mutum. Ya san limamin da ya zo da takardar ginin masallaci, ya san mahaifin shugaban kwamitin gidan marayu. Idan ya miƙa ambulan ba ya neman rasit, domin a wurinsa tambayar inda kuɗi suka shiga tamkar zargin mutumin kirki ne. Ya kuma taso da tarbiyyar cewa sadakar da aka ɓoye ta fi lada. A kan irin wannan mai bayarwa aka gina taron ƙaddamar da gidauniya: a kafa rumfa, a gayyaci babban mai ƙaddamarwa, a sanar da alƙawura a lasifika. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti ya san cewa alƙawarin lasifika daban, abin da ke shiga asusu daban.

Matashi kuwa bai san limamin ba, wataƙila ma ba garinsu ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne hoton yaron da ke kwance a asibiti da takardar kuɗin aiki. Ba shi da miliyan, amma yana da waya, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint ya zama ruwan dare, har masallatai suna manna lambar asusu a bango. Yana bayarwa cikin minti ɗaya, sannan ya dawo gobe ya tambaya: nawa aka tara, an yi aikin, ina shaida? Masu aikin jinƙai irin su Fauziyya D. Sulaiman a Kano sun yi suna ne saboda sun gane wannan, suna sanar da buƙata a Facebook sannan su dawo da bayanin abin da aka samu.

Saboda haka masu cewa yaran yanzu ba su da hannun kyauta sun yi kuskure. Rahoton da ƙungiyar Charities Aid Foundation ta Birtaniya ta fitar a 2025 ya sa Najeriya a sahun farko a duniya wajen kason abin da mutane ke bayarwa daga abin da suke samu, kuma ƙasa ce da fiye da rabin mutanenta ba su kai shekara 30 ba. Abin da ya sauya shi ne abin da ke sa mutum ya yarda.

Wannan sauyi yana da tsada, kuma ba kowa ke biyan ta ba sai ayyukan da ba su da hoto mai tayar da hankali. Albashin malaman Islamiyya, abincin gidan marayu na kowane wata, gyaran rijiyar burtsatse da ta lalace: babu ɗayansu da zai zagaya WhatsApp. Su ne kuma ayyukan da dattawa suka riƙe shekara da shekaru ba tare da kowa ya ji ba. Duk lokacin da aka yi jana'izar irin wannan mutum, akwai makarantar da ke rasa jingina, kuma ba lallai ne magada su ɗora daga inda ya tsaya ba. Hukumomin zakka da wakafi na jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara an kafa su ne don su cike irin wannan giɓi, amma matashin da ke kallon duk abin da gwamnati ta taɓa da ayar tambaya ba zai kai musu kuɗinsa don an ce hukuma ce kawai ba.

Hanyar matasan ma tana da nata aibin. Neman shaida ya sa ana ɗora fuskar marar lafiya da tsiraicin talaucinsa a intanet kafin a taimake shi, kuma hoton ba ya gogewa bayan ya warke. 'Yan damfara sun koyi ɗaukar tsohon hoto su sa sabuwar lambar asusu. Mafi muni shi ne abin da aka gani a watan Janairun 2024, lokacin da aka yi ta tara kuɗin fansar wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya da aka sace a yankin Bwari na Abuja, har ministan tsaro na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya yi gargaɗi a kan irin wannan karo-karo. Masu garkuwa ma suna da waya, suna ganin adadin da ake sanarwa.

Ga kwamitin masallaci ko gidan marayu, abin da ya rage shi ne su yi wa masu bayarwa biyu magana da harshe biyu. Alhaji har yanzu yana son a zo gida a gaishe shi, kuma ba ya son a buga sunansa. Jikansa yana son asusu da sunan ƙungiya, ba da sunan sakatare ba, da bayanin shiga da fita a ƙarshen kowane wata. Aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan mai ba da dubu biyu sau ɗaya ya koma ba da dubu ɗaya duk wata. Mutum 500 a kan haka naira dubu 500 ke nan a wata, kuma ba za su rasu rana ɗaya ba. Amma kafin a kai nan, sai kwamitocin da suka saba da "ku yarda da mu" sun amince su buɗe littafin kuɗinsu ga yaran da suka haifa.