Sharhi: Maharbi, Ɗaure Kanka Kafin Ka Ɗana Kibiya

Sharhinmu na yau na maharba ne, masu baka da kwari, na Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka wajen Segbana, in muryarmu ta kai gare su.

Kaka ta wuce, ruwan daji yana janyewa, namun dawa sun koma sha a 'yan tafkunan da suka rage. Lokacin dako ke nan. Maharbi zai bar gida da la'asar, ya zaɓi tsamiya ko ɗorawa ko kaɗanya mai kallon mashaya, ya hau, ya gitta 'yan itatuwa tsakanin rassa, ya zauna jiran gada ko mazo ko gyado har asuba. Ya gyara tsarkiya, ya shafa dafi, ya duba inda iska ta nufa, ya ɗaura guru a ƙugu da kambu a dantse. Abu guda ya bari: bai ɗaure jikinsa da itacen ba.

Me ya hana shi? Ba tsadar igiya ba ce, don igiyar da ya ɗaure sansa da ita tana nan a turke. Kunya ce. Kunyar a ce wane ya ji tsoro. Kunyar abokan farauta su yi masa dariya a dandali. Ka yi wa ɗayansu maganar, sai ya ce maka, "Haba malam, ni da nike hawan icce tun ina yaro?" Ka matsa, ya rufe ka da "tsautsayi ba ya wuce rana tai." To, gwanin ruwa shi ruwa ke ci, kuma mu da ke bakin Kwara ba sai an fassara mana wannan ba.

Mu dubi abin da ke faruwa a kan reshen nan. Jan baka hannu biyu yake ci, ɗaya a baka, ɗaya a tsarkiya. Da nama ya sunkuya shan ruwa, dole maharbi ya karkata, ya leƙa ƙasa, ya saki duk abin da yake riƙe da shi. A wannan lokacin ba abin da ke tsakaninsa da ƙasa sai zaman da ya yi. Ga sanyin hunturu ya sandarar da yatsu, ga ƙafa ta yi tsami don dogon zama, ga gyangyaɗin goshin asuba da ba ya sallama, ga zuma da cinnaka da maciji, ga reshen da gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Wanne cikin waɗannan ke tambayar shekara nawa ka yi kana farauta?

Wanda ya faɗo daga tsayin mita 5, cikin daƙiƙa guda yake isa ƙasa, da gudun da ya kai kusan kilomita 36 a awa. Kamar mai babur ne ya tunkari katanga bai taka birki ba. Kuma shi maharbi ba hannu rabbana yake faɗowa ba. Da kwari a kafaɗa yake faɗowa, wani lokaci da kibiya tsirara a hannu, mai dafin kwankwani wanda zuciya yake tsayarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota a jerin haɗurran da ke kisa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu ne. A Amurka, inda masu farautar barewa da baka ke kafa kujerun ƙarfe a jikin bishiya, an gano faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke naƙasa mafarauta, kuma galibi wajen hawa da sauka ne. Shi ya sa ake koya musu sanya ɗamarar tsaro tun ƙafa na ƙasa. Ba sai mun je Amurka ba ma. Masu hawan kwakwar manja a kudancin ƙasar nan da kudancin Benin da igiya suke hawa tun kaka da kakanni. Ma'aikatan da ke hawa turakun lantarki da dogayen ƙarafan sadarwa da ɗamara suke hawa. Wa ya taɓa ce musu ragwaye? Mu kaɗai kunya ta hana.

Sai dai a ji da kyau, ɗauri ma da iyawa. Kada ka zarga igiya a ciki kaɗai, kada kuma ka yi ƙullin zarge, don in ka zame zai shaƙe ka ko ya kifa ka kai ƙasa. Ɗamara ta ƙwarai tana kama cinyoyi biyu da ƙirji da kafaɗu, igiyarta na fitowa ta baya tsakanin kafaɗu. A ɗaure ta a jikin itacen, sama da kanka, ba a reshen da kake zaune ba, kuma a gajarta ta yadda in ka zame ba za ka yi nisa ba. Baka da kwari a bar su ƙasa, in ka zauna ka jawo su da wata siririyar igiya. Igiyar da rana ta cinye ko ta fara tsinkewa a jefar. Kuma rataye a sama na tsawon lokaci shi ma haɗari ne, jini na taruwa a ƙafafu har mutum ya suma. Don haka ka faɗa wa wani itacen da za ka hau da lokacin da za ka dawo, wayarka kuma ta kasance a aljihun gaba.

Ga kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: yadda muke ɗaukar wanda ya faɗo. An tarar da mutum kwance yana cewa ba ya jin ƙafafunsa, sai a ciccibe shi, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a lanƙwasa shi kan babur tsakanin mutum biyu, a bi hanya mai gargada zuwa gidan maɗori, a shiga ja da murza. Jama'a, ku ji tsoron Allah! Maɗoranmu na da iliminsu, amma ƙashin baya da na wuya ba karayar hannu ba ne. Lakar da ke ciki in ta tsinke ba ta ɗoruwa. Sau da yawa faɗuwar ta bar saura, ɗaukar ce ke ƙarasawa. A kwantar da shi miƙe kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya tallafe kai kada wuya ya juya, a sa shi a mota a kai asibiti mafi kusa, su tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato in ta kama. Haka ya shafi yaran da muke turawa ɗiban kuka da ɗorawa, da makiyayan da ke sassabe gawo da maɗaci, da masu cire amya da dare.

Amma duk wannan wahala, da kuɗin da za a sayar da gona a biya, da magidancin da zai ƙare rayuwarsa a tabarma ana juya shi, daga ina suka faro? Daga kunyar igiya. Malamanmu kullum suna faɗa mana tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma rai amana ne.

Saboda haka, Sarkin Baka, ranka ya daɗe, maganar tana hannunka, kai da sauran dattawan dawa. In kun ce ba mai hawa dako sai da ɗamara, ba yaron da zai ƙetare. Ku haɗa kuɗi ko da adashi ne, ku sayo ingantattu a shagunan kayan magina, ku riƙa ba juna aro. Ku manya ku fara ɗaurawa a gaban yara, don ranar da suka ga wanda ya koya musu harbi ya ɗaura, kunya ta ƙare. Iyayenmu mata, in maigida zai fita, ku tambaye shi igiya kamar yadda kuke tambayarsa guzuri.

Allah Ya tsare mana maharbanmu, Ya mayar da kowa gidansa da ƙafafunsa. Sai mun haɗu a sharhi na gaba.