Wane Babangidan? Wane Ahmad Musan?

Masu tambaya a kan yaye da maganin tsutsar ciki, na ga saƙonninku, ku ƙara mini haƙuri zuwa mako mai zuwa. Yau hirar ƙwallo da dambe na zo miki da ita. Kada ki ce ina ruwan nas da ƙwallo, bari dai mu je.

A watan Mayun 2024, na taso daga aiki ke nan sai ga kiran Innarmu daga Kuyello. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ke 'yar nan, wai da gaske Babangida ya rasu?" Ashe wani ɗan'uwanmu ne ya turo a zauren WhatsApp na dangi, layi ɗaya tal: Ibrahim Babangida ya rasu a haɗarin mota. Ya haɗa da hoton Janar sanye da kaki. Kafin la'asar zauren ya cika da "Allah ya jiƙansa".

Rasuwar gaskiya ce, haɗarin ma gaskiya ne, a hanyar Kaduna zuwa Zariya ya faru. Sai dai mamacin ba shi ne wanda ya mulki Najeriya daga 1985 zuwa 1993 ba, shi wannan yana gidansa a Minna. Wanda ya rasu ɗan ƙwallo ne, yana cikin yaran da suka ciyo wa Najeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, tare da su Kanu. Ƙane ne ga Tijjani Babangida, wanda ya yi wasa a Ajax ta ƙasar Holan, ya kuma zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Legas a shekarar 2000. Tijjanin ma yana cikin motar, ya ji rauni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a zaurenmu dai, addu'ar da aka yi ba wa mamacin aka yi ta ba. Ko a ranar mutuwarsa takwaransa ya rufe shi. Ga kuma abin dariya a cikin abin tausayi: shi Janar ɗin, laƙabin ɗan ƙwallo aka san shi da shi, Maradona, saboda yadda yake zille wa 'yan siyasa.

Mu mutanen Birnin Gwari mun san ɗacin irin wannan saƙo. Shekarun da aka kwashe ana tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, sau nawa aka turo miki "an tafi da Sani direba"? To Sani direba nawa ne tsakanin Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa? Duk uwar da ta haifi Sani, duk matar da ke auren Sani, a wannan daren ba ta runtsawa. Da hannuna na auna wata baiwar Allah da jininta ya haura 180 a kan labarin da gari ya waye aka gano ba ɗanta ba ne. Ta yi hamdala, sai kuma ta fashe da kuka, don ta san wata uwar ce abin ya faɗa wa. Shi ya sa nake roƙonki, kafin yatsanki ya danna turawa, ki tambaya: wanne daga ciki? Ɗan wa? Na wane gari? In wanda ya turo miki ba shi da amsa, saƙon ya kwana a wayarki.

'Yan ƙwallo kam sun saba da wannan rikici. Pele kaɗai uku na sani. Akwai na asali, ɗan Brazil, mai kofin duniya uku, wanda ya rasu a Disambar 2022. Akwai Abedi Pele na Gana, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993. Ga kuma namu, Rabi'u Ali na Kano Pillars, wanda in ka ce Pele a Kano shi za a fara kawowa a rai. Ronaldo ma biyu ne, kuma maigidana da ƙanena har yau ba su daina musu a kan wanne ne na gaske ba, na Brazil ko Cristiano na Fotugal. Ranar da Najeriya ta doke Brazil da ci 4 da 3 a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, shi Ronaldon Brazil "Ronaldinho" aka rubuta masa a bayan riga, wato ƙaramin Ronaldo, don akwai wani Ronaldon da ya girme shi a ƙungiyar. Bayan 'yan shekaru sai ga wani yaron ya zo ya gaje sunan Ronaldinho ɗungurungum, shi duniya ta sani da shi yanzu. A gida kuma in aka ce "Garba ya ciyo mana kofi", sai an tsaya an tantance: Garba Lawal ne da ya buga a Atlanta, ko Manu Garba, kocin da yaransa suka ɗauko kofin 'yan ƙasa da 17 a 2013?

A ganina babu waɗanda suka iya warware wannan ƙulli kamar 'yan dambe. Ki saurari mai shela a gidan dambe, ko a bidiyon da yaranki ke kallo a wayarki in kin juya baya. Da wuya ki ji an kira mutum da suna ɗaya tsura. Ali Ƙanin Bello. Dogo Mai Takwasara. Garkuwan Cindo. Bahagon Sanin Kurna. Autan Sikido. Bahago da yawa ne, duk mai naushi da hagu bahago ne, don haka sai an ce bahagon wa. Dogo ma haka, auta ma haka. In kin ji "shagon wane", ana nufin yaron gidan wane ne, a hannunsa ya taso. Ba Shagon nan da marigayi Ɗan Anace ya yi wa waƙa ake nufi ba. Bayan haka kuma sai an faɗi ɓangarensa, Kudu ne ko Arewa ko Guramaɗa. Kin ga ke nan kafin a ɗaure hannu an riga an tantance mutum sau uku: siffarsa, ubangidansa, da jama'arsa. Mutanen da wasu ke yi wa kallon marasa boko, amma tsarin kiran sunansu ya fi na rajistar wasu asibitocinmu tsafta. Na faɗa, kuma ni ma'aikaciyar asibiti ce.

Kannywood ma kin fi ni sani. Ba a cewa Fati a yi shiru, sai an ƙara Muhammad ko Washa ko Shu'uma ko Nijar. Hadiza kuwa ko Gabon, ko Kabara, ko Hadizan Saima. Maryam Booth daban, Maryam Yahaya daban.

To ga abin da ya haɗa nas da wannan hira.

Wata damina, a wani asibiti da na taɓa aiki, ina aikin dare a ɗakin yara. Watan Agusta ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana gadaje har a kwantar da yara bibbiyu. Babu wuta, da fitilar waya nake duba fayil. A ɗakin akwai yara biyu, kowanne katinsa Ahmad Musa, sunan ɗan ƙwallon nan da ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018. Har wasa muka yi da abin da yamma, muka ce yau Super Eagles muka kwantar. Ɗaya ɗan shekara uku ne mai kilo 12, ɗayan ya kusa goma, kilonsa 30. Dukansu allurar atesunet ake yi musu ta jijiya, ita kuwa da nauyin yaro ake auna ta, kuma tana da lokaci: a yi ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a cikon awa 24. Ta babban ta ninka ta ƙaramin.

Wajen ƙarfe biyu na dare na haɗa allurar babban, na tsaya a tsakiyar ɗaki na ce, "Maman Ahmad Musa?" Wata mata ta ɗaga hannu cikin magagin barci. Na je, na kama hannun yaro, har na buɗe bakin robar da ke jijiyarsa. Sai ta ce, a hankali, kamar mai jin kunyar yin magana, "Malama, ai da isha'i aka yi masa. Kuma ta ɗazu ba ta kai wannan yawa ba."

Na haska fuskar yaron. Ƙaramin ne. Wallahi sai da na nemi gefen gado na zauna.

Zan faɗa miki gaskiya, wannan maganin yana da sauƙin kai, mai yiwuwa da na yi masa ba wani mugun abu zai same shi ba. Amma da na rubuta cewa an yi wa babban, alhali shi da ya fi jin jiki bai samu ba. Kuma da ledar jini ce a hannuna ba sirinji ba fa? Jinin da bai dace da rukunin yaro ba yana iya kashe shi. Laifin nawa ne, ba na uwar ba, ba na mai raɗa suna ba. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tantance majinyaci da abu biyu aƙalla, kamar suna da ranar haihuwa, kuma lambar gado ko ta ɗaki ba ta cikin lissafi. Na san wannan, an koya mana. Gajiya da duhu da yawan marasa lafiya suka sa na kira suna ɗaya na tsaya. Matar da ko karatun boko ba ta yi ba ita ta tare ni, don ta riƙe lokacin allurar ɗanta, ta kuma lura da yawanta.

Saboda haka in nas ko likita ya zo kan ɗanki da allura ko ƙarin ruwa ko jini, ki tambaya, "Malama, sunan wa ke jiki? Ɗan shekara nawa?" Wata za ta ɗaure miki fuska, na sani, muna da masu hali. Ki jure ɗaurin fuskar. In an miƙo miki takardar gwaji ko ƙullin magani, ki duba lambar katin, kada ki tsaya a suna. Ko maganin zazzaɓin da ake sha, mai ƙwaya shida-shida a kati, yaron da bai kai kilo 15 ba ɗaya yake sha a lokaci guda, mai kilo 25 zuwa 34 uku yake sha. Ƙullin takwara ba naki ba ne.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya fi shafarmu mu mata, wato alkunya. Kullum sai na gamu da ita. A tambayi uwa sunan yaro, ta sunkuyar da kai tana murmushi, don ɗan fari ne, ko sunan surukinta gare shi. Sai ta ce Abba. Mai rajista ya rubuta Abba. Wata uku baya kakarsa ce ta kawo shi, ta ce Muhammadu, an buɗe masa wani katin. Ran da yayansa ya rako shi kuwa, Messi ya ce, don a filin makarantar firamare haka ake kiransa. Yaro ɗaya, fayil uku, kuma a cikin guda ɗaya ne kawai aka rubuta cewa wani magani yana sa masa ƙuraje da kumburi. Ga Ummi, ga Mama, ga Baffa, ga Khalifa, ga Walida, a layin rigakafi in na kira Ummi mata biyar ke miƙewa.

Ni ban ce ki bar alkunya ba, ado ce, kuma ba na son ranar da za ta ɓace. Abin da nake so shi ne sunan yanka ya zauna a takarda, iri ɗaya a ko'ina. Ki ɗauki hoton katin rigakafi da na asibiti da takardar haihuwa da wannan wayar da kike karanta ni a kai. In an tambaye ki suna, ki miƙa wayar, bakinki alaikum. Ki kuma lura da yadda aka rubuta shi: in Ahmad ne a takardar haihuwa, kada ya koma Ahmed a makaranta, Amadu a katin NIN. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa yaro rajista sai da NIN, kuma iyaye da yawa sai a lokacin suke gane cewa ɗansu mutum biyu ne a takarda, a shiga zaryar kotu da rantsuwa.

Aron kati kuwa, don Allah a daina. Na sha kama mace ta zo awo da katin kishiyarta ko na maƙwabciya, wai ai sunanmu ɗaya, don kada ta biya kuɗin sabon kati. Katin nan yana ɗauke da rukunin jinin wata, da tarihin haihuwar wata. Ran da jini ya ɓalle miki a ɗakin haihuwa, abin da ke rubuce za mu fara dubawa.

Tun daga wancan daren, in takwarori suka haɗu mini a ɗaki, sai in yi irin ta masu shelar dambe. In ɗauki jan biro in rubuta a saman fayil da manyan baƙi: Ahmad Musa ƙarami, kilo 12, na Kuyello. Abokan aiki suna yi mini dariya, wai saura in ƙara Kudu ko Arewa.

Nawa ɗan farin, sunan mahaifin maigidana gare shi, don haka ko a nan ba za ki ji shi a bakina ba. Kawunnansa Ronaldo suke ce masa. Ban taɓa tambayarsu wanne daga ciki ba, amma hoton katinsa yana nan a wayata.